Yadda Na Sa Aka Tumɓuke Masai Mai Sarƙa

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sa ka sauka Rogo lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da aka tura ka. Malam, mahaifinka, yana gaishe ka, yayyenka ma haka. Labarin gida ba zan ba ka ba, direban da zai miƙa maka takardar ya fi ni baki, ka tambaye shi. Ni wata magana ce da ni wadda na kasa yi ranar da za ka tafi, don tsakar gida cike take da 'yan sallama, kuma ba magana ce da ake yi mutane suna cin tuwo ba. Maganar masai ce.

Na san za ka yi dariya. Kai yanzu duba-gari ne, ka yi karatun tsabta a Kano, an ba ka takarda. To ni ma na yi nawa karatun, da tafin hannuna da gadon bayana na yi shi. Ka tashi kana jin ana kirana Mai Buta, har ka taɓa fasa wa wani baki a makaranta saboda sunan, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka daga inda ya samo asali ba. Yau zan gaya maka, har da wuraren da na yi wauta. Ba don ina nadamar abin da na yi nake faɗa ba. Da za a mayar da ni baya, zan sake tumɓuke shi, sai dai in fi sauri.

Shekarun da aka ja famfo zuwa unguwarmu, lokacin mulkin farar hula, ba a haife ka ba tukuna. Malam yana magatakarda a ofishin hakimi. Na je Kano suna gidan ƙanwarsa, cikina ya juya, aka nuna min wani ɗaki. Na shiga na tarar da farin tangaran kamar kujera, da tankin ƙarfe can sama kusa da rufi, da sarƙa tana reto. Da na gama na rasa yadda zan yi, sai da matar gidan ta yi min magana ta bayan ƙofa ta ce in ja sarƙar. Na ja, ruwa ya kwararo da ƙara har na yi baya na bugi ƙofa. Na fito ana ta yi min dariya, ni ma ina yi, amma a raina na riga na ƙudura. Ni 'yar Beli ce, a gidan manoma na tashi, inda ake haƙa salga a bayan rumbu a rufe bakinta da fasasshen kasko. Na ce wallahi ni ma sai na ja sarƙa a gidana.

Har yau mutanen garin nan cewa suke son girma ne ya sa Malam ya kawo masan nan. Ba haka ba ne, ni ce. Na dame shi da safe, na dame shi da yamma, har ya gaji ya aika Kano aka kawo shi a bayan akori-kura, an naɗe shi da buhuna kamar mara lafiya. Aka gina masa ɗaki kusa da soro, aka yi masa ƙofa biyu, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta wajen baƙi. Aka haƙa sokawe, wato ramin da ƙazanta ke taruwa, can ƙarshen gida, aka binne dogon bututu daga ɗakin zuwa can.

Har nan ban yi laifi ba, kowa yana son abu mai kyau. Wautar tana gaba. Mako bai zagayo ba na sa aka cike tsohuwar salgarmu da ƙasa da ɓaraguzai, aka daɓe wurin, na yi akurkin kaji a kai. Kakarku ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ta ce in bar ta ko da rufewa ce a yi da langa-langa, don ita ba ta yarda da ruwan da ke zuwa ta ƙarfe ba, ba a san ranar da zai ƙi zuwa ba. Na ce mata warin ya ishe ni.

Auta, ga darasi na farko. A aikinka za ka shiga gidaje ka ga salga, za ka ji kamar ka sa a rushe. Kada ka sa a rufe tsohon rami sai ka ga sabon ya ci rani guda yana aiki. Ka ce a yi mata murfi, ka ce a ɗaga bakinta, a zuba toka. Amma kada ka bar mutane da abin da ba ya aiki sai da ruwan da ba su da shi, don kai za ka hau babur ka tafi, su za su kwana da abin.

Famfon ya yi mana alheri kamar damina biyu. Daga nan ya koma zuwa da safe kawai, sannan sai ranar da ya ga dama, sannan in ka murɗa sai ya yi tsaki ya hura maka iska. Kuma abin ya haɗu da shekarun farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Muka koma rijiya. Ka san rijiyarmu, a kan katangar da ta raba mu da gidan Tabawa take, rabin baki a wajenmu, rabi a wajensu. Tun kafin a aure ni gidaje biyun suke ja tare, ba a taɓa jin kansu ba.

Sai a lokacin na san abin da na kawo gidana. Tankin nan bokiti biyu yake sha, ja ɗaya. Yaro ya yi fitsari ya ja sarƙa don yana son jin ƙarar, bokiti biyu sun tafi. Kuma tankin yana sama, sai na jawo turmi na kifa, na hau, na ɗaga bokiti sama da kaina na juye. In mu kaɗai ne sai in watsa ruwan kai tsaye a cikin tangaran, amma in da baƙi dole tanki ya cika, don ba za a ce wa dagaci ya shiga masai da bokiti ba. Baƙi kuwa ba sa yankewa. Duk wanda ya zo ofis daga ƙauye, Malam zai kawo shi cin abinci, kuma na rantse wasu ba su matsu ba, sarƙar kawai suke so su ja su koma gida su ba da labari.

Da bazara ta yi tsanani, rijiya ta ja baya. Ka zura guga ya taho da rabi, rabin ma laka. Sai an bar ta ta huta ruwa ya taru. Ni kuwa sai na koyi riga kowa. Ana idar da sallar asuba ina bakin rijiya, in cika randuna, in cika bokitan masai, kafin gidan Tabawa su fito na kwashe mai kyan. Ban ga abin a matsayin zalunci ba a lokacin, gani nake himma ce.

Wata safiya ina ja, Tabawa ta tsaya ta nasu ɓangaren da guganta a hannu. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bari sai da na cika bokiti na biyu, sannan ta ce, "Hadiza, jiya da ruwan laka na dama wa 'ya'yana kunu. Ke kuma ruwan da za mu sha kike ɗauka kina zuba wa kashi." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta shige ɗaki da guganta a bushe.

Na tsaya igiya a hannuna. Gaskiya ta faɗa. Ka san abin da na yi? Ban je wurin Malam ba. Na ji kunyar in ce abin da na nace aka kawo ya fi ƙarfina. Sai na rage ruwan masai a ɓoye. In ba baƙi, sai a yi ta shiga ana rufe murfi, sai yamma a kora sau ɗaya. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda wari, ina kunna turaren wuta a soro. Daga waje gidan magatakarda ne mai masan zamani, daga ciki ƙudaje sun fi na mahauta. Salgar da na raina ba ta taɓa yi mana haka ba.

A cikin wannan hali ka kamu da gudawa. Kana tafiya da ƙafarka a lokacin, kana shiga ko'ina, kana sa komai a baki. Kafin a ankara idanunka sun faɗa, maɗigarka ta lotsa, in na ja fatar cikinka sai ta tsaya ba ta koma ba. Kuka ma ka daina, sai buɗe baki. Na goya ka na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba, ban jira an je ofis an nemo min izini ba. A asibiti suka yi ta ɗura maka ruwan gishiri da sukari da cokali, ni ina riƙe da kanka. Malamar asibitin ta tambaye ni inda muke kewayawa, na ce mata da alfahari muna da na zamani. Ta tambaya ko akwai ruwa. Na sunkuyar da kai.

Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, don kai ka kusa biya. In abu ya lalace a hannunka, ka faɗa tun yana ƙarami. Kada ka kunna masa turare. Ko kai ka kawo shi, ko kai ka sa hannu aka yi, ka je wurin na gaba da kai ka ce abin nan bai yi ba. Za a yi maka dariya, to sai me? Ni na guji dariyar kwana biyu, na kusa binne ɗa.

A asibitin nan na ga abin da ya canza min tunani. Da ka fara farfaɗowa na nemi makewayi, aka nuna min. Tangaran ne shi ma, amma a ƙasa yake, na tsugunno, da wurin sa ƙafa biyu, da ɗan ruwa kwance a maƙogwaronsa wanda ke hana wari da ƙuda fitowa. Ba tanki, ba sarƙa. Buta ce kawai a gefe. Na gama na tuttula ruwan buta ɗaya, komai ya wuce, wuri ya yi fes. Na sake cika butar na sake zubawa don in tabbatar idona ba gizo yake min ba. Na tsaya a ɗakin nan ina lissafin turmin da nake hawa, har wata mata ta buga ƙofa ta ce ko lafiya.

Da muka dawo gida na sami Malam a ɗakinsa, na gaya masa komai, har maganar Tabawa. Na ce a cire mai sarƙa a sa irin na asibiti. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ya ji, amma ba zai yiwu ba. Duk ƙasar hakimi an san gidansa da masan nan, in aka ji ya cire za a ce karayar arziki ce ta same shi, ko an rage masa matsayi. Ya ce famfo zai dawo, an yi alkawari. Ya kuma tuna min, cikin ruwan sanyi, cewa ni na ce a kawo. Na ce ni na ce a kawo, ni kuma nake cewa a fitar. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Na yi ta bin sa da maganar, yana ta cewa a bari a gani. Ana nan Baffanku Alhaji Sule, yayan Malam, ya zo daga Tudun Kaya da wasu abokansa. Suka ci suka sha a soro. Ranar tun safe rijiya ba ta ba mu abin kirki ba, abin da ke randa shi ke nan, kuma kai ba ka gama warwarewa ba, ana tafasa maka na sha. Sai Malam ya leƙo ta ƙofar soro ya ce a cika tanki, Alhaji zai kewaya.

Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ban tashi ba, ban kuma rage murya ba. Na ce, "Malam, ruwan da ke randa na sha ne. Duk wanda zai ja sarƙa, ya fara zuwa ya ja guga."

Ina jin lokacin da wani ya ajiye kofi a soro. Baffanku ya fito ko sallama bai yi min ba, ina jiyo shi a ƙofar gida yana cewa tunda yake bai taɓa ganin matar da ta tozarta mijinta a gaban baƙi irin haka ba, a mayar da ita ƙauyensu ta koyo tarbiyya. Da yamma Malam ya shigo, fuskarsa kamar ba tasa ba, ya ce in je gida in huta sai ya neme ni. Bai ba ni takarda ba, amma kowa ya san abin da je-ki-gida yake jawowa in an bar shi ya daɗe. Na goya ka, na bar yayyenka da kakarku, na hau motar Rogo, daga can na ƙarasa Beli.

Mahaifina ya zaunar da ni ya ji ta bakina. Ya ce in shirya a raka ni in ba da haƙuri. Na ce masa zan ba da haƙuri a kan muryata, don ban kyauta ba da na yi magana baƙi suna ji. Amma a kan ruwa ba zan ba da haƙuri ba, kuma ba zan sake hawa turmi ba ko da auren zai mutu. Innata ta yi ta salati. Mahaifina ya tambaye ni da gaske bokiti biyu abin yake sha. Na ce da gaske. Shi mutum ne da ya taɓa rasa shanu saboda ƙishirwa. Bai ƙara cewa a raka ni ba.

To ka ji na uku. Gaskiyata ce, amma na zaɓi mummunan wuri. Da na ja Malam gefe na ce masa ba ruwa, ya san dabarar da zai yi wa yayansa, da ban kai shi bango ba. Mutum in ka kunyata shi a gaban jama'a, ko ya ga gaskiyarka sai ya ƙi ta, don kare fuskarsa. Za ka haɗu da masu unguwa da dagatai da alhazai waɗanda gidajensu suka fi na talakawa ƙazanta. Ka same su su kaɗai, ka gaishe su yadda ya kamata, ka durƙusa in durƙuso ne. Amma ka ji ni da kyau, wurin faɗa na ce ka zaɓa, ban ce ka canza maganar ba. In ka durƙusa ka gama gaisuwa, abin da ka zo faɗa ka faɗe shi cif.

Abin da ya faru a bayana, yayarku ce ta ba ni labari. Malam ya fara sayen ruwa wurin 'yan garuwa, su ma ruwan ya yi musu wuya, wata rana su zo wata rana ba su zo ba. Kakarku ta ce ita ta tsufa da hawa turmi, kuma ba za a sa mata jikoki ba. Sai ga magatakardan hakimi da kansa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, yana jan guga. Tabawa tana tsaye ta nasu ɓangaren tana jiran ya gama. Ya ɗauki bokiti ya hau turmi, turmin ya goce, ruwan ya dawo masa a ka. Yayarku ta ce ba wanda ya yi dariya, sai kakarku, ita kuwa har da riƙe ciki.

Ranar wata kasuwar Rogo sai ga shi a Beli, shi kaɗai, bai turo kowa biko ba. Ya gaisa da mahaifina, aka kira ni. Na ga tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe, na kawar da kai kamar ban gani ba. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya. Ya ce ya haƙura. Can ya ce, "Ki dawo ɗakinki. Abin kuma a cire shi." Na ce to. Iyakar abin da muka ce ke nan, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa gori ba. Wannan ma ka riƙe. In mutum ya sauko, kada ka tsaya kana nuna masa inda ya sauko daga.

Da ka ce an gama, amma saura wauta ɗaya. Ɗoki ya kwashe ni. Aka sayo tangaran na tsugunno daga Kano, na kira birkila, ya tumɓuke mai sarƙa, ya dasa sabon a gurbinsa, ya haɗa shi da tsohon bututun nan mai tsawo da ke tafiya har ƙarshen gida. Shi bai taɓa sa irinsa ba, ni kuma gabansa kawai na gani a asibiti. Kwanaki kaɗan abu ya toshe. Ruwan buta ɗaya ba shi da ƙarfin da zai tura kaya wannan nisa, sai ya kwanta a hanya. Ƙazanta ta dawo ta cika tangaran, wari ya kai har titi.

Ranar gari ya samu abin yi. A majalisar ƙofar masallaci aka ce matar magatakarda ta cire na Turawa ta sa na mahaukata. Baffanku ya aiko a gaya wa Malam ga sakamakon bin shawarar mace. A nan aka raɗa min Mai Buta, kuma ba da ƙauna aka raɗa ba. Malam ya ce tsohon yana nan a jingine, ko a mayar da shi kawai a huta. Na ce in aka mayar da shi, a haɗa da motar Beli.

Na yafa mayafi na koma asibitin, wannan karon ban shiga ɗakin ba, na zagaya bayansa. Sai ga ramin nan manne da bango, taku biyu bai cika ba, bututun gajere ne kuma a tsaye yake gangarawa. Na dawo na sa aka fasa simintin da ko bushewa bai gama yi ba, aka haƙa sabon rami a bayan bangon ɗakin, aka yi masa murfi, aka sa guntun bututu mai gangara sosai. Na tabbatar ya yi nesa da rijiya, don wannan kam malamar asibiti ta ja min kunne a kai. Akuyata ce ta tafi a aikin, ban nemi ko sisin Malam ba, don kada a ce na sake jawo masa asara. Da aka gama na kira Tabawa, na ba ta buta ta zuba da hannunta. Ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Tun daga ranar ban ƙara riga ta zuwa rijiya ba.

Na huɗu ke nan. In ka ga abu yana aiki a wani wuri, kada ka tsaya a gabansa inda aka share aka goge. Ka zagaya baya ka ga inda ƙazantar take zuwa. Kuma in ka gwada abu mai kyau ya ƙi a karon farko, masu jiran ka faɗi za su ce ka koma gidan jiya. Kada ka koma. Ka nemo inda kuskuren yake, ka fasa, ka sake.

Sunan bai bar ni ba, ni ma ban nemi ya bar ni ba. Matan da mazansu suka fi kowa dariya su ne suka riƙa zuwa da yamma wai sun zo aron rariya, sai su ce bari su ɗan kewaya. Ina ji suna zuba ruwa suna sake zubawa. Yanzu ka ƙirga gidajen da ke da irinsa a unguwar nan, ba wanda ya taɓa cewa a wurina ya gani, kuma ban damu ba. Tankin ƙarfen nan kuwa shi ne wanda tumakinmu suke shan ruwa a ciki, a nan ya fi amfani.

Abu ɗaya ban hango ba, shi ne tsufa. Da gwiwoyin Malam suka fara ciwo, tsugunno ya zame masa azaba, sai da na sa maƙeri ya kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Don haka kada ka ɗauka gaba nake da na zama. An ce yanzu a Kano akwai na zama mai ƙaramin tanki a baya, wanda ba ya shan ko rabin abin da mai sarƙa yake sha. In haka ne, madalla, tsofaffi da masu ciki sun huta. Amma kada ka yarda da bakin mai kanti. Ka sa a cika tankin da bokiti a gabanka, ka ga abin da ya sha da idonka. Kuma in an ce maka ai yanzu an yi dam, ruwa ya wadata, ka ce Allah ya ƙara. Ruwan da ke dam daban, wanda ke randarka daban. Ni na taɓa jin an ce ruwa ya zo ke nan har abada.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna na cika takardu haka, har yatsuna suna ciwo. Labari ya iso min cewa kawun Sa'adatu, yarinyar da kake nema, ya ce 'yarsu ta yi makaranta, ba za ta zauna a gidan da ake kora masai da buta ba, sai ka sa mai babban tanki a gidan da za ka kama a Rogo kafin a sa rana. An kuma ce min ka amsa masa da to. Ban yi fushi ba, na san kunya ce ta sa, kuma kana son ta. Ni ma ina son ta, yarinya ce mai hankali, ta gaishe ni har ƙasa ranar da muka haɗu a gidan biki.

Amma kawunta ba shi zai zauna a gidan ba. Ba shi zai ɗauki bokiti da tsohon ciki ba, ba shi zai tsaya a gaban maƙwabciya ya rasa abin cewa ba. Kai ma ba kai ba ne, kana wurin aiki. Ita ce. Kuma ba wanda ya tambaye ta, kamar yadda ni ma ba wanda ya gaya min abin da nake roƙo lokacin da nake roƙonsa. Don haka ka koma wurin kawun nata, shi kaɗai, ka gaishe shi da ladabi, ka ce mahaifiyarka ta ce a ara mata Sa'adatu wuni guda, tare da duk wadda suka yarda ta rako ta. A cikin bazara nake so, ba da damina ba. Zan yi mata dambu, in kai ta bakin rijiya, in miƙa mata guga ta cika bokiti biyu, sannan in miƙa mata buta. Ba zan ce mata komai ba. Abin da ta zaɓa da bakinta, shi za ka sa mata, ko da mai sarƙa ne, ni zan fara sa albarka. In kuwa kawun ya ce wannan raini ne, ka gaya masa Mai Buta ce ta aiko ka, gidana ba ɓoyayye ba ne, ya zo mu yi magana.

Allah ya tsare min kai a hanya da masauki. Ya kare ka daga sharrin mai sharri da kwaɗayin abin hannun mutane, ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya da hikimar inda za ka faɗe ta. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka tafasa ruwan da za ka sha har sai ka san rijiyar unguwarku. Allah ya yi maka albarka, ya dawo min da kai lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
Hadiza, daga Karaye.